Daga Littafin Lanho Zuwa Akwatin Asusu: Wa Ke Riƙe Da Lissafin Garinmu?

Ƴan uwa ɗalibai, an daɗe ana ƙirga mu a ƙasar nan. An ƙirga kawunanmu da dabbobinmu da buhunan gyaɗarmu, an ƙirga har yaranmu masu tamowa. Ni ɗan Cadakori ne, cikin gundumar Gidan Rumji, kuma da na bi tarihin yankinmu har zuwa Agye da Gazawa, tambaya ɗaya ta yi ta dawo mini: in an gama ƙirgar, a hannun wa littafin yake kwana? Amsar ita ce ta sa nake ganin lokaci ya yi da za mu kafa gidauniyar gari, wadda aikinta shi ne lissafin da ya shafi kowa ya fito fili.

Mu fara da zamanin Nasara. Kwamanda na Faransa yakan fito rangadi, maigari ya tara jama'a, malamin ofis ya rubuta kowane magidanci da iyalinsa da dabbobinsa. Daga wannan littafi ake yanka lanho da jangali, daga nan kuma ake ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin dole, wanda sai a 1946 doka ta hana shi. Saboda haka kakanninmu suka koyi ɓuya: a tura saurayi daji, a kora shanu wani wuri, a rage yawan ƴan gida. Mulkin kai na 1960 bai kashe lanho ba. In yau ka shiga ƙauye da takarda da biro ka ga tsoho ya ɗaure fuska yana cewa "mi za a yi da sunana?", kar ka ce jahilci ne. Tsohon ya san abin da rubuta suna ya taɓa jawowa.

Mutane fa suna da nasu lissafin, sai dai a ka yake. Yunwar 1913 zuwa 1914 suka sa mata suna Kakalaba. Ta 1984, da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, suka kira ta El Buhari. Tsohuwa za ta gaya maka shekarar haihuwarka da sunan yunwa, ta gaya maka nawa aka sayar da tiya. Amma lissafin ka ba ya shiga ofis, kuma ana binne shi tare da mai shi.

Karo na farko da manomi ya riƙe alƙalami a kan kayansa shi ne zamanin gyaɗa. A 1962, lokacin Diori Hamani, aka kafa UNCC domin bashi da ƙungiyoyin manoma, aka kafa SONARA domin cinikin gyaɗa. Kafin nan mai saye ne ke da sikeli, shi ke karanta shi, manomi sai dai ya karɓi abin da aka miƙo masa. A tsakiyar shekarun 1960 aka shigo da tsarin kasuwar da manoma ke riƙewa da kansu: ƙauyuka su zaɓi mai awo da magatakarda daga cikinsu, a koya musu karatu da lissafi da Hausa, in an rufe kasuwa a raba rarar kuɗi. Wannan babban abu ne. Sai dai tsarin daga sama ya sauko, kuɗinsa da umurninsa duk daga Yamai. Da farin 1973 ya zo, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sai kasuwar ta durƙushe, littattafan suka bi ta.

Yanzu ku dubi wani abin da bai durƙushe ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi. Dabarar ta ɗoru ne a kan adashin da iyayenmu mata suka sani tun da can. Kowane mako a haɗu, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, a ba mai bukata rance, a ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba. Na sha zama gefen irin wannan taro a unguwarmu. Akwatin na hannun wata, mabuɗan na hannun wasu, ba a buɗe shi sai a tsakiyar tabarma, kuma ana ƙirga kuɗin da ƙarfi, dala dala, kowa na ji. Yawancinsu ba su yi lekol ba, amma tambayi kowacce nawa ke cikin akwati, za ta faɗa maka. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Me ya raya shi? Kuɗin nasu ne, kuma lissafin a bainar jama'a ake yin sa. Abin da masana ke kira mulki a fili, ai shi ke nan a ƙaramin ma'auni.

Shekarar 2005 ta koya mana ɗaya gefen darasin. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, farashin hatsi ya ninka a bazara, jihar Maraɗi ta zama tsakiyar masifar. Hukumomin da ke bin farashin kasuwa da masu gargaɗin gaggawa suna nan tun 1989, amma alƙalumansu Yamai suke tafiya, ba sa dawowa ƙauye. Shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasar. Likitocin MSF kuwa sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, mafi yawansu a jiharmu. Gardama ta kaure tsakanin gwamnati da baƙi a kan ƴaƴanmu, mu masu ƴaƴan ba mu da takarda ko ɗaya da za mu ɗaga. A 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. In baƙo ne ke riƙe maka da lissafi, ranar da ya tafi da littafinsa yake tafiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

A Agye an gwada wata hanya. A Ɗan Saga da ƙauyukan kewaye, manoma suka kafa kwamitocin tsaron itatuwan da suke rainowa a gonakinsu, abin da muke kira sassaben zamani, har da tara ga wanda ya sare na wani. Furojen PPILDA, da asusun FIDA ya ɗauki nauyi, ya sa ƴan gari a wasu ƙauyuka suka yi rajistar gidajensu da kansu, suka tantance mai ƙarfi da mai rauni, domin a san wa taimako ya kai wa. Ya nuna ƙauye na iya riƙe rajista. Matsalar furoje ɗaya ce: yana da ranar rufewa. Ranar da aka daina biyan kuɗin takarda da man babur, sai ƙura ta hau rajista.

Ta fuskar doka kuwa, an ba mu ƙofa. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, Cadakori ta samu majalisarta da magajin garinta, kuma matan asusu da dama a ƙasar suka tsaya takara. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a. Wata doka ta 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ya gani. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mutum nawa cikinmu ya taɓa ganin kasafin kuɗin garinsa? Da Faransanci yake, cikin durowa yake, kuma babu wanda aikinsa ne ya fito da shi ya fassara. A Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi. Kuɗin tikitin kasuwa da harajin gari ba su daina shiga ba, amma kansilan da za ka tare a bakin masallaci ka tambaya babu shi. Ga kuma ƙarin jama'a: tun 2019 ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakowa saboda ƴan bindiga, kuma Cadakori na cikin wurare uku da hukumar HCR ta tsugunar da su nesa da iyaka. Rijiya ɗaya muke sha, likita ɗaya muke zuwa. Sanin abin da ke akwai da abin da ya lalace ya zama dole fiye da da.

Nan gidauniyar gari ta shigo. Ma'anarta asusu ne na dindindin da mutanen wuri ɗaya ke tarawa, amintattu daga cikinsu su riƙe, a riƙa kashewa a kan amfanin wurin. Ta farko irinta an kafa ta a birnin Kilibilan na Amurka a 1914, shekarar da Kakalaba ke cin kakanninmu. Abin da ya ja hankalina shi ne aikin da ta fara da shi: ta biya masu bincike suka auna halin makarantun birnin, daga baya kotuna, ta buga sakamakon kowa ya karanta. Wato da lissafi ta fara. A Yuganda, bincike ya gano cewa a farkon shekarun 1990 kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanar da makarantu ke isa makarantun. Aka koma buga adadin a jaridu ana liƙawa a bangon makaranta, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Kusa da mu, a Bagega ta jihar Zamfara inda gubar dalma ta kashe yara, matasa ne suka bi sawun kuɗin gyaran garin a 2012 da wayoyinsu har aka sake su a farkon 2013.

Tamu gidauniyar ba sai ta yi girma ba. Muna da ƴan cin rani a Kano da Legas da Libiya, muna da ƴan kasuwa, malamai, ma'aikata ƴan asalin gari da ke Yamai, ga tiyar hatsi da kowane gida zai iya bayarwa da kaka. Mun san gayya, mun san waƙafi. Kuma aikin mai araha ne. A sayi allo a kafa bakin kasuwa. A biya kuɗin hoton takardar kasafi, mu ɗalibai mu mai da ita Hausa, da boko da ajami. A sa wa matasa biyu mai a babur su zaga ƙauyuka kowane wata su rubuto famfo nawa ke aiki, aji nawa ke da malami, wane magani ya yanke a likita. A rubuta farashin tiya kowace ranar kasuwa. A sayi rabin awa a rediyon karkara a karanta, a tura ta murya a WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatu. Irin waɗannan ƙananan kuɗi ne furoje ke tafiya da su in ya rufe, hukuma kuma ba ta cika ɗokin biyan wanda zai sa mata ido ba.

Tarihin nan ya ba mu sharuɗɗa uku. Na farko, gidauniya ta fara buɗe nata akwatin kamar na matan asusu: abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta a gaban jama'a, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na biyu, a ƙirga kayan jama'a, a bar sirrin mutane. A yankin da ake satar mutane domin kuɗin fansa, liƙa sunan mai shanu ko na wanda ya ba da gudummawa mai tsoka jefa shi cikin haɗari ne, liƙa sunan matalauci kuma tozarci ne. Na uku, kar ta zama ta jam'iyya ko ta attajiri ɗaya, kuma a je wa kantoma da sarki da hakimai da girmamawa tun farko, a nuna musu cewa famfon da aka san ya lalace shi ake gyarawa, kuma mai biyan haraji ya fi sakin hannu in ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Wani zai ce, "Kai, mu da ba mu da ko kuɗin rajistar jarrabawa?" Gaskiya ne. Amma matan da suka fara asusu a 1991 ba su fi mu kuɗi ba, kuma mu mun iya karanta takardar da su ba su iya ba. Hutun da ke tafe, kowa ya ɗauki littafi ɗaya ya rubuto rijiyoyi da azuzuwan ƙauyensu, wanda ke aiki da wanda ya mutu, da ranar da ya gani. In mun dawo mu haɗa, mu buga a fitowa ta gaba, mu kai kwafi ɗaya ofishin magajin gari, ɗaya fada, ɗaya wurin matan asusu. Da wannan takarda a hannu ne za mu tunkari manyanmu da maganar gidauniya. Allah Ya ba mu ikon yi.