Zafi Biyu, Kalma Ɗaya

Wani abokina da ke karatun kimiyyar sinadarai ya zo hutu Gazawa da rahoton gwajin da suka yi a labo. A ido aikin ba wuya: kwano mai murfi kamar tarmus, ruwan da aka san nauyinsa, a jefa ƙarfe mai zafi a ciki, a dama, a duba tarmomita, sai lissafi. Innarsa ta tambaye shi mi suka auna. Ya ce zafi. Ta ce, "To ba shi ne likita ke aunawa a hammatar yaro ba?" Ya buɗe baki ya rufe. Da Faransanci ya san chaleur daban, température daban. Da Hausa duka zafi ne, kuma wallahi ni ma da nake karatun harshe ban iya cetonsa ba a ranar.

Da na bi tarihin abin sai na huce, don Turawa ma sun daɗe cikin wannan ruɗu. Wajen 1761 ne Joseph Black, malami a Glasgow ta Sukotland, ya lura cewa ƙanƙara tana shan wuta tana narkewa amma tarmomita ba ya motsi har sai ta narke duka. Ina zafin ya shiga? Ya shiga aikin narkarwa. Abin da ke narkar da kilo 1 na ƙanƙara zai iya ɗaga kilo 1 na ruwa digiri kusan 80. Daga nan aka raba abu biyu: matakin da zafi ya kai, da yawan zafin da abu ya sha ko ya bayar. Mu ma mun san wannan a jiki. Tartsatsin maƙera ya fi ruwan wanka matakin zafi nesa ba kusa ba, amma ya faɗo maka a hannu ya mutu nan take, bokitin ruwan wanka kuwa yana ɗumama mutum gaba ɗaya.

A hunturun 1782 zuwa 1783, a Faransa, Lavoisier da Laplace suka ƙera tukunya cikin tukunya, suka cika tsakani da ƙanƙara. Duk abin da aka sa a tsakiya, ana auna zafinsa da ruwan da ya narke ya ɗigo. Sun ƙona gawayi a ciki, sun kuma sa ɓeran Masar awa 10, suka gano cewa numfashi ma ƙonewa ne a hankali. Wurin da ya fi burge ni shi ne sunan. Lavoisier ya ɗauko calor na Latin ya manna da metron na Girkanci, ya sami kalorimeta, har ya nemi uzuri a littafinsa na 1789 don ya san masana harshe za su ce ya haɗa doki da jaki. Kun ga ke nan kalmar da abokina yake ɗauka saukakkiya ce daga sama, ƙirar hannu ce, mai ita ma da kunya ya fito da ita. Bayan haka Joule a Ingila ya nuna cewa aiki da zafi kuɗi ɗaya ne, Berthelot kuma ya ƙera tukunyar ƙarfe da ake ƙona abu a rufe a auna.

To, ina ruwan Agye da Gidan Runji da wannan? Ruwanmu itace ne. Busasshen itace kilo 1 yana ɗauke da megajul wajen 16, gawayi kusan 30. Tafasa lita 10 na ruwa daga digiri 30 bai kai megajul 3 ba. A takarda ke nan kilo 1 ya isa tafasa lita 50. Amma murhun dutse uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai yake kai wa tukunya, sauran iska ta kwashe. Wannan giɓin shi ne tafiyar da ƴan mata ke yi neman ice, shi ne karan gero da ya kamata ya ruɓe a gona amma ya ƙare a murhu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki sun yi fayau. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar a shekarun 1980, da tafasa ruwa da auna itace aka gwada shi, wato gwajin abokina ne aka fito da shi tsakar gida. Manoman Ɗan Saga da suka riƙa barin tohon sabara da kalgo a gona, abin da ake kira sassaben zamani, su ta ɗaya gefen suka kama lissafin. Maƙeranmu kuwa tun kafin Black sun zaɓi gawayin ƙirya, ba su taɓa rubuta lamba ba.

Mutum ɗaya ya tsaya a kan duka biyun, kuma ɗan nan ne. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da zafi, ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana, daga 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana. Tun a 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunan iyayensu. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa. Ta Maraɗi kuma sunan Dan Dicko Dankoulodo take ɗauke da shi, shi ma malamin sinadarai ne. Sunayensu suna bakin ƙofa, amma a cikin labo har yau da Faransanci zalla ake lissafi.

Ga ra'ayina ba talauci ne na Hausa ba. Muna da ɗumi, ƙuna, huci, zazzaɓi, gumi, kowanne da wurinsa. Ba a dai taɓa zaunar da harshen gaban kalorimeta an matsa masa ba. Ni na ba da shawarar "matakin zafi" da "yawan zafi". Abokina ya ce sun yi tsawo a kan allo. Muka koma wurin Inna da su, ta saurara har ƙarshe, ta ce na biyun ta gane, shi ne abin da ke sa ƙirya ta kwana da garwashi kara kuma ya mutu kafin tuwo ya nuna. Na farkon ta ce mu sake nema.