Kati Mai Ƙwaƙwalwa a Aljihun Mutumin Balan: Nazari kan Burauza da Sa Hannun Lantarki

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masu ƙera burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, suka toshe tsofaffin hanyoyin da shafi ke bi ya yi magana da kati mai ƙwaƙwalwa tsakanin 2013 da 2022, sannan ta auna abin da hakan ya jawo wa mai riƙe da irin wannan kati a karkarar gabashin Kano. An dogara da bayanan fitar da manhajojin, da ƙa'idojin ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, da dokokin Nijeriya. Matsayar maƙalar ita ce toshewar ta dace, amma Nijeriya ta raba katuna ba tare da ta gina musu hanyar shiga intanet ba.

Gabatarwa

Balan ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gaya, wadda ita da Ajingi da Albasu suke da ɗan majalisar wakilai guda. Magidancin da ke noman gero da gyaɗa a wannan yanki ba ya rasa kati biyu a aljihu: na zaɓe da na cirar kuɗi. Wani ma har da katin ɗan ƙasa. Kowannensu yana ɗauke da cip, 'yar ƙaramar kwamfutar da aka dasa cikin roba.

In ya je wurin mai POS a cikin garin Gaya, sai a zura katin bankin a na'ura, ya kare da tafin hannu ya danna lambar sirrinsa. A wannan ɗan lokaci cip ɗin yana lissafa wata shaida ta musamman da mabuɗin da ke cikinsa, shaidar da ba ta aiki sai ga wannan ciniki kaɗai. Mabuɗin ba ya fita. Kamar hatimin alƙali ne: ba a ba da aronsa, takarda ake kawowa a buga mata. Wannan ne ya sa Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankuna komawa kati mai cip da lambar sirri zuwa 2010, bayan ɓarayi sun gano yadda ake kwafar tsohon kati mai baƙin layi a baya.

Tambayar nazarin a nan take: me ya hana wannan tsaro ya bi mutumin zuwa shafin intanet?

Ƙofofin da aka gada

Tun shekarun 1990 kamfanin Netscape ya cusa wa burauzarsa wasu dabaru na kansa. Akwai signText, wadda ke ba shafi damar neman mutum ya sa hannu a kan rubutu da mabuɗin katinsa. Akwai keygen, mai ƙirƙiro mabuɗi don neman takardar shaida ta lantarki.  Firefox ta gaji waɗannan, ta kuma ƙara wadda ke sanar da shafi an zura kati ko an zare. Microsoft ta bi tata hanyar da ActiveX a Internet Explorer, wasu kuma suka jingina da Java ta kafar NPAPI, wadda ke barin a liƙa wa burauza baƙuwar manhaja.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan dabaru ba a taɓa zama an amince da su a matsayin ƙa'idar bai ɗaya ba, don haka shafin da ya yi aiki a wannan burauza sai ya ƙi a waccan. Abin da ya fi wannan muni, manhajar da aka liƙa tana samun iko a kan kwamfutar kusan daidai da na mai ita, ta yadda mugun shafi guda ya isa ya yi ɓarna.

Google ta sanar a Satumba 2013 cewa za ta daina karɓar NPAPI, ta kashe shi a Chrome 42 cikin Afrilu 2015, ta cire shi ɗungurungum a Chrome 45 cikin Satumba. Labarin Firefox ya fi nuna yadda abin ya yi zafi. A Oktoba 2014 ta cire tsofaffin dabarun Netscape a fitowa ta 33. Ba a yi wata biyu ba ta maido da su a ta 34, tare da gargaɗin cewa za a sake cirewa a ta 35. Irin wannan ja da baya ba ya faruwa sai in akwai bankuna da ma'aikatun da aikinsu ya tsaya cak. Keygen ta bar Chrome a 2017, ta bar Firefox a 2019, Internet Explorer 11 kuma aka yi masa ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022.

Abin da ya maye gurbi bai cike gurbin duka ba, kuma nan ne masu nazari suka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar Web Cryptography, wadda W3C ta tabbatar a Janairu 2017, ta ba shafi ikon ɓoye bayani da sa hannu, amma da mabuɗan da burauza ke riƙe da su. Ba ta taɓa mabuɗin da ke cikin kati. WebUSB ta haramta wa shafi kusantar na'urar karanta kati. Web NFC, da ta zo wa Chrome na Android a 2021, tana karanta sauƙaƙan alamomi ne kawai, ba ta iya zance mai zurfi da cip. Shiga shafi da takardar shaidar kati ya ci gaba da yiwuwa ta hanyar ƙa'idar PKCS 11 ko manhajar kwamfutar kanta. Sa hannu a kan takarda kai tsaye daga shafi shi ne ya tafi.

Karon lokaci

Ranar 28 ga Agusta, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da katin ɗan ƙasa na lantarki na hukumar NIMC, tare da haɗin gwiwar MasterCard, da shirin fitar da miliyan 13 a zangon gwaji. Cikin ayyukan da aka tsara wa cip ɗin har da sa hannun lantarki. Doka ma ta riga ta share fage, domin sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da irin wannan sa hannu. Sai dai ƙasa da wata biyu bayan bikin Firefox ta fara rufe ƙofarta, shekara guda bayansa Chrome ta gama rufe tata. Katin ya iso tasha mota na tashi.

Katin zaɓe ya ɗan yi zamaninsa. A zaɓen 28 ga Maris, 2015, ƙarƙashin shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, na'urar tantance masu zaɓe ta karanta cip ɗin katin a rumfunan ƙasar nan, har da na Balan, duk da cikas ɗin da ta samu, wanda bai bar shi kansa shugaban ƙasa ba a Otuoke. Amma na'urar BVAS da ta gaje ta daga 2021 ba ta buƙatar cip: lambar katin ko alamar da ke jikinsa take ɗauka, sai yatsa ko fuska. NIMC ita ma ta karkata ga lamba. Umarnin Disamba 2020 na haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, ya sa takardar da aka buga lambar a kai ta fi katin daraja.

Wasu ƙasashe sun fuskanci wannan rufewa da kati a hannun jama'a. Istoniya, wadda ta fara raba katinta a 2002 ta kuma yi zaɓe ta intanet a 2005, ta rubuta 'yar manhajar ƙari ta hukuma da ke tsayawa tsakanin burauza da katin, ta buɗe rubutunta ga kowa ya duba, ta raba kyauta. Koriya ta Kudu kuwa ta ɗaure kasuwancin intanet ɗinta da ActiveX bayan dokar sa hannu ta 1999, ta daɗe a maƙale da Internet Explorer, sai a 2020 ta gyara dokar.

Abin da ya rage a ƙasa

A dawo ga mutumin Balan, a wannan karon a shagon kwamfuta a Gaya ko Wudil, ya zo cike fom ɗin tallafin noma ko rajistar ɗansa. Zai miƙa takardar NIN ga yaron shago. Saƙo zai shigo wayarsa da lambobin tabbatarwa, ya karanto su da ƙarfi, ko ya miƙa wayar gaba ɗaya yana cewa, "Duba mini, ɗana." Yaron ya amsa, "To, Baba," ya shigar. Mafi yawan masu shagunan nan mutanen kirki ne masu rufa wa jama'a asiri, amma tsarin da amincinsa ya rataya a kan halin wanda ke zaune gaban kwamfuta tsari ne mai rauni. Lamba ana kwafarta, ana sace layin waya a karɓi saƙon wani, alhali mabuɗin da ke cikin cip ba ya kwafuwa ta wannan hanya. NIMC ta gane haka, shi ya sa ta fito da lambar wucin gadi mai haruffa 16 da ke mutuwa bayan awa 72. Gyara ne mai amfani, sai dai har yanzu abu ne da ake faɗa wa wani.

Komawa tsohuwar burauza don wani shafi ya buɗe ba mafita ba ce. Kwamfutar da ke tara lambobin ƙauye guda ita ce ta fi cancantar sabuntawa. Ƙa'idar WebAuthn ta Maris 2019 ta nuna hanyar da ta dace da yankin da waya ta fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba: wayar ce ke riƙe da mabuɗin, yatsa ko lambar sirri ke buɗe shi, shafi kuma ba ya ganin komai sai sa hannun.

A Afrilu 2024 NIMC ta sanar da sabon kati mai ayyuka da yawa tare da Babban Banki da tsarin katin biyan kuɗi na AfriGo. Ya wajaba a kan NIMC da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA su fitar da manhajar karanta shi a waya da burauza rana ɗaya da katin, a buɗe, bisa ƙa'idojin duniya, da umarni cikin Hausa. Sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero su gwada ta a shagunan Gaya da Ajingi kafin a ce ta gama.