Darius Rucker a Nashville: Baƙo ne ko Ɗan Gida?

A shekarar 2008 wani mawaƙi baƙar fata mai suna Darius Rucker ya shiga Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, da niyyar fitar da faifansa na farko a wannan fage. Ba sabon shiga ba ne a waƙa. Shi ne muryar ƙungiyar rok ta Hootie & the Blowfish, wadda suka kafa a 1986 suna ɗalibai a jami'ar Karolina ta Kudu, kuma faifansu na 1994, Cracked Rear View, ya sayu fiye da miliyan 20. Amma tauraron ƙungiyar ya dushe, faifan da ya yi shi kaɗai a 2002 kuma bai yi kasuwa ba. Da ya juya ga kantiri, sai ya bi gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan koyo. Ya sha ba da labarin cewa wasu masu tsara shirye-shirye sun faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa masu sauraronsu ba za su karɓi baƙar fata ba.

Domin gane nauyin wannan magana, sai an waiwaya baya. Banjo, wanda ya zama tambarin wannan kiɗa, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi da duma da fata da tsirkiya, bisa tsarin danginsa irin su gurumi da molo. Charleston, garin da aka haifi Rucker a 1966, na cikin manyan tashoshin da aka sauke waɗannan bayi. Baƙi da farare na kudancin Amurka sun daɗe suna aron waƙa da salon kiɗa a tsakaninsu. Hank Williams kansa a hannun wani makaɗi baƙar fata, Rufus Payne, ya koyi jita.

Kasuwa ce ta raba su. A shekarun 1920 kamfanonin faifai suka ware jeri biyu, ɗaya na baƙi, ɗaya na fararen ƙauye, alhali makaɗan sukan yi tarayya a waƙa guda. Sannu a hankali wannan rabon ƴan kasuwa ya zama tamkar al'ada. DeFord Bailey, mabushin harmonika da ya yi fice a shirin rediyon Grand Ole Opry tun farkonsa, an sallame shi a 1941. Charley Pride kuwa, a 1966 sai da aka aika faifansa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, don kunne ya yanke hukunci kafin ido.

Cikin wannan tarihi faifan Rucker, Learn to Live, ya fito a Satumban 2008. Waƙarsa ta farko ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, abin da wani baƙar fata bai yi shi kaɗai ba tun Charley Pride a 1983. Biyu da suka biyo ta su ma suka kai can. A 2009 ya karɓi kyautar sabon mawaƙi ta ƙungiyar kiɗan kantiri, a 2012 kuma aka shigar da shi cikin mambobin Grand Ole Opry, dandalin da ya sallami Bailey.

Nasarar mutum ɗaya ba ta rushe katangar ba, domin har yanzu baƙi ƴan kaɗan ne a rediyon kantiri. Sai dai ta nuna cewa katangar ginin mutane ce, kuma an san lokacin da aka gina ta. Malamin da zai koyar da tarihin kiɗa ya kamata ya tambayi ɗalibansa: wa ya raba kiɗan nan gida biyu, yaushe, kuma wa ya ci ribar rabon? Da amsar ta fito, za su ga wanda aka kira baƙo a Nashville gidan kakanninsa ya komo. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.