Gyaran Lanƙwasar Babbar Jijiyar Jini Ba Tare Da Tsaga Ƙirji Ba

Ayota ita ce jijiyar jini mafi girma a jikin ɗan Adam. Daga zuciya take tasowa, ta yi sama kaɗan, ta lanƙwasa kamar mariƙin lema, sannan ta gangara ta ƙirji zuwa ciki. A kan wannan lanƙwasa ne rassa uku suke fita, masu kai jini ƙwaƙwalwa da hannaye. Shi ya sa gyaran wurin yake da wuya matuƙa, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure yankewar jini ko na 'yan mintoci.

Matsaloli biyu ne suka fi kama lanƙwasar. Bangon jijiyar kan yi rauni ya kumbura har ya fashe, kuma likitoci kan fara batun aiki idan faɗin wurin ya kai santimita 5.5. Ko kuma fatar cikin jijiyar ta tsage, jini ya kutsa ya raba bangon biyu. Hawan jini da shan taba da tsufa da wasu cututtukan gado ne manyan musabbabai.

Hanyar da aka saba da ita ita ce a tsaga ƙashin ƙirji, a jona majinyaci da injin da ke aikin zuciya da huhu, a sanyaya jikinsa, wani lokaci har kusan digiri 18, a tsayar da gudun jini na ɗan lokaci, a ɗinka bututun yadi a madadin wurin da ya lalace. Tsofaffi da masu ciwon huhu ko ƙoda da yawa ba sa iya ɗaukar wannan aiki.

A sabuwar hanyar kuwa, ta jijiyar matse-matsi ake shiga. Ana tura bututun yadi mai ragar ƙarfe a naɗe, ana bin sa da hoton na'ura har ya isa wurin, sai a sake shi ya buɗe ya manne da bango, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Nikolai Volodos ne ya fara yin haka a jijiyar ƙirji, a birnin Kharkiv na Yukren a 1987, kuma a 1994 Michael Dake na Jami'ar Stanford ya wallafa sakamakon majinyata 13.

Matsalar ita ce bututun zai toshe bakin rassan nan uku. Dabaru huɗu ake gwadawa don kauce wa haka. Akwai karkatar da rassan da tiyata a wuya ko a ƙirji kafin a sa bututun. Akwai jera ƙananan bututu a gefen babban, su shiga rassan. Akwai bututun da ake ƙera wa majinyaci daidai da hoton jijiyarsa, da ƙofofi ko rassa a jikinsa, amma ƙirarsa na ɗaukar makonni, don haka ba ya amfani a halin gaggawa. Akwai kuma huda ƙofa da hasken leza bayan an riga an dasa bututun. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da bututu mai reshe ɗaya na kamfanin Gore, wanda ke kare jijiyar hannun hagu.

Babban haɗarin shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin wayoyin aikin kan ɓantaro dattin bangon jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa. Jini kan yi yoyo ta gefen bututun, kuma wani lokaci bakinsa kan tsaga jijiyar ta wajen zuciya. Saboda haka majinyaci zai riƙa ɗaukar hoton CT iya tsawon rayuwarsa. Ga mai ƙarfin jiki, buɗe ƙirji ne har yanzu ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyin da shi, sababbin dabarun kuwa an fi tanadar su ga wanda tiyatar za ta fi ƙarfinsa.