Haƙar Kuza a Ƙasar Jos da Gyaran Kufanta

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna narka kuza, fatake na kai ta kasuwanni. Sa'ad da Kamfanin Neja ya gano wurarenta a tudun Jos a farkon ƙarni na 20, sai sana'ar ta koma hannun Turawa. A 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya.

A wancan zamani, ita kuza galibi ba a bin ta ta ƙarƙashin ƙasa kamar yadda aka yi wa kwal a Inugu. Ana kware ƙasar bisa ne, a tara ta gefe, sa'an nan a kwaso ta ƙasa a wanke da ruwa, watau yashi ya tafi, kuza ta kwanta sabo da nauyinta. 'Yan cin rani daga Kano da Katsina da Daura suna cikin masu ɗaukar kwanon.

A 1942, da Japan ta cinye Malaya, Ingila ta rasa kuza, aka ɗebi mutanen Arewa tilas. Sanyi da yunwa da cuta suka hallaka mutane da yawa, har aka hana ɗiban a 1944.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran kufai. Aka baje waɗansu tuddai, aka dasa itatuwan turare. Amma da yake an riga an binne ƙasar noma a ƙarƙashin yashi, gonaki kaɗan ne suka komo hannun Birom. Tafkunan suna nan har yau.