Hasumiyoyin Ayilan a Alƙalamin Masu Zane

Tun lokacin da Sarki Henri na Takwas na Ingila ya yanke hukuncin rufe gidajen ruhubanawa, aka ƙwace waƙafinsu a ƙasar Ayilan wajen shekarar 1540 Miladiyya, wuraren da a da ake kwana ana kwafar littattafai suka fara komawa kufai, rufi ya rubza, ciyawa ta haye bango, har ya zamana a wurare da dama babu abin da ya rage tsaye face hasumiyar dutse, siririya mai hular tsini, wadda ƙofarta ke can sama da ƙasa, ba a shigarta sai da tsani.

Allah ya ƙaddara aka sami waɗansu bayinsa da wannan al'amari ya dame su. A 1779 Gabriel Beranger, haifaffen Rotterdam, ya ɗauki takarda da tawada, shi da wani Ba'italiye mai suna Bigari, suka bi kangaye ɗaya bayan ɗaya, suna awo, suna zane, ba su raina ko tsagewar bango ba. Falalar wannan wahala ta bayyana a Glendalough, inda iska ta ka da ƙaramar hasumiyar majami'ar Trinity a 1818, ta yadda duk mai son sanin siffarta a yau sai ya koma ga tsofaffin zane. Francis Grose ma ya zo da irin wannan niyya, amma ajali ya riske shi a Dablin a 1791, sai Edward Ledwich ya kammala littafinsa.

Sai dai fa zane tamkar riwaya yake, wajibi ne a binciki mai kawo shi, domin wani mai sassaƙa farantin bugu, wanda bai taɓa taka wurin ba, yakan ƙara itace ko gajimare don ƙawa. A ganina wanda ya cika amanar nan shi ne George Petrie, wanda ya haɗa idon mai zane da haƙurin malami, ya gwada gini da nassin tsofaffin littattafan tarihi, sa'an nan ya rushe da'awar masu cewa wai hasumiyoyin nan ɗakunan wutar Majusawa ne. A littafinsa na 1845 ya kafa hujja cewa Kiristocin ƙasar ne suka gina su, kuma sunansu a harshen mutanen, wato cloigtheach, ma'anarsa gidan ƙararrawa.