Bincike kan Cutar Bakkale, Cutar da Ɗan Adam ke Ɗauka daga Dabbobi

Gabatarwa

Masana harkar lafiya sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam, asalinsu daga dabbobi ne. Wasu daga cikinsu ƙwayoyin bakteriya ne ke haddasa su, kamar ciwon saifa da tarin fuka na shanu da kuma cutar da makiyayanmu ke kira bakkale, wadda likitoci suka sani da sunan buruselosis. A wannan shafi za mu duba yadda bincike ya gano asalin bakkale da hanyoyin yaɗuwarta, da kuma abin da wannan ilimi ya wajabta mana, kasancewar mu al'umma ce mai kiwo da shan nono.

Yadda cutar take a jikin dabba

Ƙwayoyin da ke haddasa bakkale dangi ɗaya ne da ake kira Brucella. Mafi muhimmanci a gare mu su ne Brucella abortus mai kama shanu, da Brucella melitensis mai kama awaki da tumaki, wadda ita ce ta fi tsanani a jikin mutum. Babbar alamar cutar a garke ita ce ɓari, musamman a watanni ukun ƙarshe na ciki. Akan ga mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan haihuwa, nono ya ragu, marainan bijimi su kumbura, ko kuma ruwa ya taru a gwiwar dabbar da ta daɗe da cutar.

Yawanci sau ɗaya saniya ke yin ɓari, daga baya ta ci gaba da haihuwa kamar lafiyayya, alhali tana iya zubar da ƙwayar cutar a cikin madararta shekara da shekaru. Ɗan da aka ɓarar da mabiyiya da ruwan haihuwa su ne suka fi yawan ƙwayoyin, kuma sauran dabbobi kan kamu idan sun lashe su ko sun ci ciyawar da suka zuba a kai.

Yadda take kama mutum

Mutum kan kamu ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba, ko cin abin da aka sarrafa da ita, kamar nono da cuku da man shanu. Haka nan ƙwayar kan shiga ta rauni a fata ko ta ido ko ta numfashi, don haka makiyaya da mahauta da ma'aikatan kwata da likitocin dabbobi da masu aikin gwaje-gwaje sun fi kowa fuskantar haɗari. Da wuya mutum ya shafa wa ɗan'uwansa.

Alamu kan bayyana cikin mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci su kai wata biyu. Akwai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da kasala, da rama, da ciwon gaɓoɓi da na baya. Ba ta cika kisa ba, amma idan ta zauna a jiki takan taɓa ƙashin baya ko maraina ko zuciya, ta hana magidanci neman abinci tsawon watanni. Da yake alamunta sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na taifod, sau da yawa marar lafiya kan yi ta shan maganin cutar da ba ita ke damun sa ba.

Tarihin binciken

A tsibirin Malta da ke Tekun Bahar Rum aka fara warware sirrin wannan cuta. A ƙarni na 19 wani zazzaɓi ya addabi sojojin Birtaniya da ke zaune a can. A shekarar 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya ware ƙwayar cutar daga saifar waɗanda suka mutu, amma ba a gano inda take fitowa ba sai a 1905, lokacin da wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya nuna cewa awakin da ake tatsa suna ɗauke da ita ko da yake lafiyarsu ƙalau a ido. A 1906 aka hana sojojin shan madarar awaki, kuma nan da nan yawan masu kamuwa ya faɗi warwas. Ba a sami wannan nasara da wani magani ba. Gano tushen cutar a jikin dabba ne ya kawo ta.

A ƙasar Denmak kuwa, likitan dabbobi Bernhard Bang ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari a 1897. An daɗe ana ɗaukar cututtukan biyu a matsayin daban, sai a 1918 wata masaniya 'yar Amurka, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayoyin biyu 'yan gida ɗaya ne, ta kuma yi gargaɗi kan shan ɗanyar madarar shanu. Da farko an yi watsi da maganarta, daga baya gaskiyarta ta fito, abin da ya ƙarfafa dokar dumama madara kafin sayarwa. A 1920 aka raɗa wa dangin ƙwayar suna Brucella don girmama Bruce.

Daga nan bincike ya karkata ga rigakafi. A 1923 John Buck ya ware wata ƙwaya daga madarar saniya a Amurka, wadda ƙarfinta ya ragu bayan ta daɗe a ajiye, ita ce ta zama allurar S19 da ake yi wa 'yan maruƙa mata har yau. A shekarun 1950 aka samar da allurar Rev 1 domin awaki da tumaki. Da waɗannan allurai, haɗe da gwaji da fitar da dabbobin da suka kamu, ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada suka kawar da cutar daga shanunsu na gida. Duk da haka, wani nazari da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2.1 ke kamuwa duk shekara a duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, adadin da ya ninka dubu 500 da aka daɗe ana ambato har sau huɗu.

Binciken a Nijeriya

A ƙasarmu, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta fara aiki a can a 1924, ita ce ke kan gaba wajen gwajin cutar da kuma sarrafa allurar S19. Tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Ibadan da Sakkwato da Maiduguri su ma sun gudanar da gwaje-gwajen jini a garkuna da kwatoci.

A 2014 wasu masana suka tattara ayyukan da aka yi kan cutar a Nijeriya suka yi musu nazari. Sun lura cewa ƙwayar da aka fi warewa ita ce Brucella abortus, har ma daga jikin tumaki da dawaki. Sun kuma nuna cewa cutar ta fi bunƙasa a inda aka tara shanu wuri guda fiye da garkunan da ke yawon kiwo, kuma binciken da aka yi kan mutane bai taka kara ya karya ba. Wannan darasi ne a gare mu a yanzu da ake ƙarfafa zaunar da makiyaya da kafa gonakin madara: wajibi ne gwaji da rigakafi su tafi tare da shirin. A watan Disamba na 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin Lafiya Ɗaya, wanda ya haɗa ma'aikatun lafiya da aikin gona da muhalli domin tunkarar irin waɗannan cututtuka tare.

Gwaji da magani

Gwaji mafi sauƙi shi ne na Rose Bengal: a haɗa ɗigon ruwan jini da sinadarin gwajin a kan faranti, cikin minti huɗu a ga sakamako. Akwai kuma gwajin da ake yi wa madarar garke baki ɗaya. Tabbaci na ƙarshe shi ne a raini ƙwayar a ɗakin gwaji, aikin da ke ɗaukar lokaci kuma yake da haɗari ga ma'aikata.

Ƙwayar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, shi ya sa ake haɗa magani biyu, galibi doxycycline da rifampicin, har tsawon mako shida. Wanda ya daina sha da ya ji sauƙi, cutar kan dawo masa. Mata masu ciki da ƙananan yara suna da nasu tsarin da likita ne kaɗai zai tsara. Ba a yi wa dabbobi magani domin ba ya raba su da ƙwayar, kuma har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince a yi wa jama'a.

Abin da ya kamata mu yi

A tafasa madara kafin a sha ko a ɗaura nono, domin tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar.

A sa safar hannu ko leda yayin taimaka wa dabba haihuwa, a kuma wanke hannu da sabulu.

A binne ɗan da aka ɓarar da mabiyiya a rami mai zurfi, kada a jefa wa karnuka.

A ware dabbar da ta yi ɓari, a sanar da asibitin dabbobi mafi kusa, kuma kada a kai ta kasuwa a sayar wa wani makiyayi.

A gwada sabuwar dabba kafin a haɗa ta da garke.

Kammalawa

Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sakin sa bayan ya sha maganin cizon sauro, ya kamata ya gaya wa likita ko yana mu'amala da dabbobi ko yana shan ɗanyar madara, ko an yi ɓari a garkensu. Muna kuma kira ga ma'aikatan asibitoci da su riƙa yin wannan tambaya da kansu, su kuma riƙa musayar rahoto da takwarorinsu na ofishin dabbobi, domin ɓarin da aka gani a ruga yau yana iya zama bayanin zazzaɓin da za a kawo asibiti bayan wata guda.